Darbil ɗin da Kawu Ya Cire

Ba abin da nake ƙyama a duniyar nan kamar ɓera, kuma shekaru na yi ina kwana ina tashi da shi a gida ɗaya. Sana'ar Umma ce ta jawo mana. Tun kafin a haife ni take sayar wa alhazai alkama su watsa wa tattabarun Makka. Da gwiwoyinta suka gaza sai ta bar bakin hanya ta dawo gida, ta zauna tana ƙulla alkamar a ƙananan ledoji, matan unguwa suna zuwa suna sara su tafi da ita. Gidanmu yana kan dutse ne ta wajen unguwar Nakkasa, ɗaki uku da tsakar gida, a ƙarshen tsakar gidan kuma akwai rumfar kwano inda muke jibge buhuna. Tattabaru sun san gidan, da hantsi sai su sauko su cika ko'ina suna tsintar abin da ya zube. Ɓeraye ma sun san shi.

Ba irin ɓerayen da ke ganin mutum su ruga ba ne. Ƙatti ne, sun ƙoshi har sun raina mutane. Su huda buhu ta ƙasa, su ci na ci, su yi fitsari a sauran. In zafi ya taso, warin nan sai ya bi ka har cikin ɗaki, ya shiga tufafi, ya shiga abinci. Wata rana na ɗaga buhu na tarar da 'ya'yansu jajaye, ba gashi, suna mutsu-mutsu a kan juna, a wurin na amayar da karin kumallona. Rana tsaka za ka ga ƙaton ɓera ya fito ya kutsa tsakiyar tattabaru yana ci tare da su, ko a jikinsa.

Na ce a sa guba, Umma ta ce tattabara za ta ci. Na kawo tarkon danƙo, ta ce in fitar mata da shi kafin ya kama ƙafar tsuntsu. Kyanwa kuwa ba a ma yi maganarta ba. Duk wanda ya tashi a Makka ya san hukuncin: ɓera an yarda a kashe shi ko a cikin Harami, amma tattabara ba a taɓa ta, wanda ya kashe ta sai ya yanka tunkiya fansa. Umma ba tunkiyar ce ta dame ta ba. Ita a wurinta da bakin tsuntsayen nan Allah ya ciyar da mu bayan rasuwar mahaifinmu, kuma tana alfahari da cewa tsawon shekarun nan jinin tattabara bai taɓa zuba a gidanta ba.

Shi ya sa da na sayo bindigar iska, na yi mata takarda, na shigo da ita, sai da muka yi kwana uku ana ja-in-ja. A ƙarshe ta yarda da sharaɗi biyu. Na farko, a cikin iyakar Harami ba za a harba ko ƙwayar dalma ɗaya ba sai a kan ɓera. Ba gwaji, ba wasa, ba harbin gwangwani, don ta ce garin nan ba wurin wasa da makami ba ne. Na biyu ta faɗe shi tana kallona cikin ido.

"Ranar da jinin tattabara ya zuba a gidan nan, wanda ya jawo, ban san da idon da zan sake dubansa ba. Ka ji ni?"

"Na ji, Umma."

Na san ta. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya, amma in ta rufe wa mutum fuska ta rufe ke nan.

Harbin ɓera a tsakiyar tattabaru ba aikin ido kawai ba ne, don haka na ɗaura wa bindigar darbil, wato madubin nan mai jawo abu kusa da ake ɗorawa a bayanta. In ka leƙa ciki za ka ga zare biyu sun gitta juna, inda suka haɗu nan ya kamata dalma ta sauka. Amma ba ya zuwa da saitinsa daga kanti, kai za ka koya masa. Yana zaune ne a cikin zobe biyu da suka kama tsagin bayan bindiga, kowane zobe da notinsa, kuma yana da mamurɗi biyu, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na dama da hagu. Kowace murɗa tana yin ƙas, tana matsar da wurin saukar dalma kaɗan. Sai ka harba a takarda, ka duba, ka murɗa, ka sake harbawa, har ramin ya zo daidai mahaɗar zaren.

Tunda Umma ta hana gwaji a gida, sai na riƙa tuƙa mota in wuce alamar iyaka, in bi ta bayan Arfa, zuwa wani kwari da babu kowa sai duwatsu da ƙaya. Can nake kafa kwali, in manna farar takarda mai baƙin ɗigo kamar girman kwabo, in ƙirga taku ashirin, daidai nisan ƙofar ɗakina da rumfar buhuna. Ranar da na fara samun saitin, kafin in bar wurin na ɗauko jan farcen ƙanwata na ɗiga alama a duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe: inda zobe ya zauna a kan tsagi, inda darbil ya zauna a cikin zobe, har da inda kan kowane noti ya tsaya. Wani tsohon mafarauci a kantin da na sayi bindigar shi ya koya mini, ya ce in dole ta sa ka cire, alamar za ta mayar da kai kusa da gida, amma kada ka yarda da ita sai takarda ta shaida.

Na yi shekara uku a haka. In zauna a bakin ƙofa, in ɗora bindigar a kan buhun yashi, in jira ɓera ya ware daga cikin tsuntsaye ko da tafin hannu ɗaya ne, in sauke numfashi, in ja kunama a hankali. Tattabaru su tashi fir, su dawo. In ɗauki mushen da shebur ina kau da kai. Ban taɓa jin daɗin aikin ba, wallahi, amma na iya shi, kuma na san na iya. Har matan da ke zuwa sarin alkama sukan tsaya su kalla.

Kawu ƙanen Umma ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure a Jidda, shi kaɗai yake zaune a wani ɗaki a ƙasan dutsen. Kullum bayan azahar zai hauro da sandarsa yana haki, ya zauna a kan tabarmar Umma, su ci abinci a tire ɗaya, su sha shayi, su yi ta musu a kan mutanen da suka mutu tun ban san kaina ba. Yana ce mata Yaya, tana ce masa sarkin taɓe-taɓe, kuma ba ƙarya ta yi ba. Mutum ne da ba ya ganin abu mai noti ya ƙyale. Ya kwance mana rediyo, ya kwance fanka, ya kwance injin niƙa, duk da sunan gyara, kuma kowane sai an sami abin da ya yi saura a ƙasa. Ga idonsa ya yi rauni, amma bai yarda ba.

A shekarar da aka fara shafa jan fenti a bangon gidajen da za a rushe, hankalin kowa a unguwar ya tashi. Kawu yana da wani tsohon gida a ɗaya gefen kwarin, wanda suka taso a ciki shi da Umma, hawa can kuma ya fi ƙarfin ƙafarsa. Saura 'yan kwanaki a fara aikin Hajji, ni ina Mina ina aikin haɗa na'urar sanyaya tantuna, in fita da asuba in dawo la'asar jikina duk ya mutu. Wata rana na shigo, na yi sallama, sai idona ya sauka a kan tabarma. Ga darbil ɗina a kwance kusa da butar shayi, zobe ɗaya a jikinsa, ɗayan a cikin faranti tare da ƙwallayen dabino. Gefe guda ga wuƙar kicin.

"Kawu, wa ya taɓa wannan?"

"Ni ne. Soro na hau da shi in hango gidanmu, ko sun shafa masa. Ka ga ai ba zan hau soro da bindiga ina nuna gidajen mutane ba, shi ya sa na cire madubin kawai. Na yi tunani ai."

"Da wuƙa ka kwance?"

"Ban ga makullinka ba. Kai, abin nan yana jawo abu. Har wanki na gani a kan igiya." Ya kurɓi shayi. "Ba su shafa ba tukuna."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Man girki a jikin gilashin, shatin yatsa a ko'ina, kan noti ɗaya ya ɗan ci saboda wuƙa. Shi kuwa yana zaune yana murmushi kamar ya yi mini alheri. Da wani ne ba Kawu ba, da na faɗi abin da zan yi nadama. Na tsince kayana ɗaya bayan ɗaya, na ciro zoben daga cikin ƙwallayen dabino, na shige ɗaki.

Na mayar da shi yadda aka koya mini, ban yi gaggawa ba. Na goge tsagin da tsumma har ya bushe, na wanke gilashin. Na zaunar da zobe na baya a kan ɗigon jan farcensa, na tura shi gaba har ya tokare, na yi wa na gaba haka. Na kwantar da darbil, na juya shi a hankali har alamarsa ta haɗu da ta zobe, zaren tsaye ya tsaya cak. Sannan na ɗaure notin, ba ɗaya gaba ɗaya ba, wannan kaɗan, na ƙetarensa kaɗan, ina zagayawa har kan kowanne ya dawo inda jan farce ya ce. Da na gama, in ka duba da ido ba za ka ce an taɓa shi ba. Saura shaidar takarda.

A nan aka sami matsala. An riga an tsare hanyoyin Arfa saboda alhazai, ba mai wucewa sai da izinin aiki, kuma ba mahaukacin da zai doshi shingen jami'ai da bindiga a mota a irin wannan lokaci. Na sami Umma tana ƙulla leda.

"Umma, dalma uku kawai. A kwali, a nan tsakar gida, in tabbatar bai karkace ba."

"Mun yi magana da kai tun ranar farko."

"Lalura ce. Kawu ne ya cire."

"To ka ajiye ta sai an sauko daga Arfa. Ɓera bai cinye mu a shekarun baya ba."

Na ajiye ta. Kwana biyar na yi ban taɓa ta ba, kuma lokacin ne rumfar ta fi cika, don kasuwar alkama ta Hajji ce. Ɓerayen kamar an gaya musu. Suka huda buhu huɗu. Na tarar da kashinsu a cikin kwanon da Umma ke awo da shi. Wata safiya na sa ƙafa a takalmina na ji abu mai laushi ya motsa a ciki.

A rana ta shida na dawo daga Mina da wuri, kaina yana sarawa, na tsaya a bakin ƙofa ina cire safa. Sai ga wani ƙato, wanda na daɗe ina nema, mai tabo a baya, ya fito daga ƙarƙashin buhu ya zauna a kan tiren da aka shanya alkamar da aka wanke. Ya ci, ya juya, ya yi fitsari a ciki ina kallo. Tattabaru uku suna gefen tiren. Ban san lokacin da na shiga ɗaki na fito da bindigar ba. Na lanƙwasa ta ta buɗe, na sa dalma, na ɗora zaren a kan kafaɗarsa, na ja.

Ɓeran ya yi tsalle ya shige rami lafiyarsa lau. Tsuntsaye suka tashi, ɗaya ba ta tashi ba. Ta faɗi gefen tire tana juyi a wuri ɗaya, fiffike ɗaya yana dukan ƙasa, ɗayan ya saki. Jini ya ɗiga a kan alkamar.

Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Kawu yana kan tabarma, ya miƙe da ƙyar. Ba abin da kake ji sai ƙarar fiffiken nan a kan siminti. Umma ta dubi tsuntsuwar, ta ɗago ta dube ni, na ga fuskarta ta fara rufewa. Abin da ya fito daga bakina ban shirya shi ba, amma ya fito da ƙarfi kuma a tsare.

"Saitin ne ya tafi. A kan ɓera na ɗora, shekara uku ban taɓa kuskure ba. Ga abin da wuƙar kicin ta jawo."

Idon Umma ya bar kaina ya koma kan ƙanenta.

Kawu ya ce, "Yaya, ni gidanmu kawai na so in gani."

Umma ta ajiye ludayin, ta durƙusa a kan gwiwoyin nan nata masu ciwo, ta ɗauki tattabarar da hannu biyu ta shiga ɗaki da ita.

Kwana biyu tsuntsuwar ta yi kafin ta mutu, kuma ban taɓa ganin abu mai tayar da zuciya irin wannan ba. Ba halin a ƙarasa ta, don wannan kisa ne da gangan. Ba halin a yanka a ci. Umma ta sa ta a kwali a gefen gadonta, tana ɗiga mata ruwa da auduga. Dalmar ta shiga ta ƙarƙashin fiffike ta zauna a ciki. Kwana ɗaya wurin ya kumbura ya fara wari, ƙudaje suka gano, kashinta ya koma kore yana manne mata a gashi. In na shiga gaishe da Umma sai in ga idon tsuntsuwar a buɗe, baki yana buɗewa yana rufewa ba sauti. In fito in wanke hannu, alhali ban taɓa komai ba. Ranar da alhazai suka tsaya a Arfa ta mutu, Umma ta naɗe ta a tsumma ta ba ni na binne a bayan gida.

Ni na harba, don haka fansar a kaina take, kowane malami zai gaya maka haka. Amma Kawu bai jira an tambayi kowa ba. Washegarin Salla ya sa aka kawo tunkiya, aka yanka, aka raba wa mabukata, ya ce shi ya jawo, shi zai ɗauka. Na bar shi ya ɗauka. A lokacin har ga Allah na yarda laifinsa ne, ko in ce na so in yarda, kuma ban tsaya na bambance ba.

Umma ba ta kore shi ba. Abin da ta yi ya fi kora ciwo. Da azahar ya hauro kamar kullum, ya yi sallama, ta amsa daga cikin ɗaki ba ta fito ba. An naɗe tabarmar an jingine. Ta zuba abincinsa a kwano ta rufe, ta ce mini, "Kai wa kawunka zaure." Na kai masa. Ya zauna a kan benci a zaure, inda masu sarin alkama ke jira, ya ci shi kaɗai yana fuskantar bango. Washegari ma haka, jibi ma haka. Ni ke ɗaukar kwanon in kai, ni ke dawowa da shi, kullum da saura a ciki. Ni kuwa ta ci gaba da yi mini magana kamar da, abin da ta ce kawai shi ne bindigar ta bar mata gida, sai na mayar da ita but ɗin mota.

Bayan alhazai sun watse aka buɗe hanya, na shirya zuwa kwarin nan in gyara saitin, don wani abokin aikina ya ce zai karɓi bindigar, kuma ba na so in ba shi abu a karkace. Kawu ya ji, ya tare ni a zaure.

"Zan bi ka."

"Kawu, rana ce a can, ba inuwa."

"Ina so in ga girman ɓarnar da na yi. Ko yatsa ɗaya ne ko taƙi ne, in sani."

Muka tafi da sassafe. Muka wuce Arfa, fili fetal ba kowa sai masu shara suna tattara tarkacen da aka bari, robobin ruwa da takalma warin ƙafa da laimomin da suka karye. A hanya bai taɓa rediyon motar ba, hannayensa suna kan sandarsa har muka isa. Na tsayar da mota a gindin wani dutse, na bar masa ƙofa a buɗe ya zauna a ciki. Na ce ko zai leƙa darbil ɗin ya ga takardar kafin in fara. Ya girgiza kai, ya ce ya yi rantsuwa hannunsa ba zai sake taɓa shi ba.

Na kafa kwali, na manna takarda, na ƙirga taku ashirin. Na ajiye buhun yashi a kan wani faffaɗan dutse, na zauna, na ɗora bindigar. Na sauke numfashi na ja kunama a hankali. Na sake, na sake. Tun a cikin gilashin na ga abin da ban so ba, amma na ce wa kaina ƙila idona ne. Na tashi na taka zuwa wurin kwalin.

Ramuka uku, duka a cikin baƙin ɗigon, biyu ma sun haɗe sun zama ɗaya. Da babban yatsana na rufe su gaba ɗaya. Darbil ɗin ya koma mazauninsa daidai, bai gusa ko kaɗan ba. Jan farcen ƙanwata ya yi aikinsa, wuƙar Kawu ba ta ɓata komai ba.

Ina tsaye a wurin, ranar nan ta dawo mini dalla-dalla, abubuwan da na bi ta kansu na wuce duk lokacin da na ba da labarin. A tsaye na yi harbin, ban zauna ba. Buhun yashin yana bayan ƙofa, ban ɗauko shi ba. Safa ɗaya a ƙafata, hannuna yana rawa don haushi da gajiya, ban jira ɓeran ya ware daga tsuntsaye ba, kuma kunamar fizgarta na yi. Yaron da ya fara riƙe bindiga jiya ma ya san in ka fizga bakinta zai kauce. Ƙyamar da na ji ranar da na ɗaga buhun nan ta dawo mini, sai dai wannan karon ba abin da zan kau da kai daga gare shi.

"Yaya ka gani?" Kawu ya ɗaga murya daga cikin mota. Daga inda yake, da idon nan nasa, ko kwalin da ƙyar yake gani.

Taku ashirin ne tsakanina da shi, kuma a cikinsu na tsara maganar gaskiya tsaf. Zan ce Kawu ba kai ba ne, ni ne. Zan kai takardar gaban Umma in ajiye. Sai na hango kaina a kan bencin zaure da kwano a cinya, ina fuskantar bango, a gidan da aka haife ni. Na cire takardar daga jikin kwali, na ninka ta huɗu, na sa a aljihu.

"Ya karkace, Kawu."

"Da yawa?"

"Kamar yatsa uku. Zuwa hagu."

Ya gyaɗa kai a hankali. Tattabarar a hagun ɓeran take, shi ma ya tuna.

Ban tsaya nan ba, kuma wannan ne abin da har yau in na tuna nake jin ƙyamar kaina. Na koma kan dutsen na zauna, na buɗe murfin mamurɗin, na murɗa shi da ƙarfi yadda zai ji, ƙas, ƙas, ƙas, har sau takwas. Na ɓata saitin da yake daidai da hannuna, don tsoho ya ji ana gyara. Na manna sabuwar takarda, na yi ta harbi ina murɗawa, ina dawo da shi inda yake tun farko, ina tsaki kamar mai shan wahala. Da na gama na kawo masa takarda ta biyu mai ramuka warwatse, ya kai ta dab da idonsa yana shafa su da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

Har aka shafa wa unguwarmu jan fenti, har muka tashi, har 'yarsa ta zo ta tafi da shi Jidda, Kawu bai sake cin abinci a tire ɗaya da Umma ba. Suna gaisawa, ta tambayi ƙafarsa, ya tambayi gwiwarta, shi ke nan. Na sami damar faɗin gaskiya ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, kuma kowace rana faɗar ta fi ta jiya wuya.

A ranar dai, a kwarin nan, na naɗe bindigar na sa a but, na shigo na zauna a bayan sitiyari. Kafin in tayar da mota Kawu ya ɗora hannunsa a kan nawa.

"Ɗana, ka yafe mini. Kai da hannunka yake da tsabta, na sa ka zubar da jini a Harami. Yayata kuma tana da gaskiya, kada ka ga laifinta."

Na dubi hanya ta cikin gilashi, takardar tana tokare da cinyata a aljihu.

Na ce, "Na yafe, Kawu."